Hon Ɗin Babur Ya Shaƙe: A Gyara Shi, A Sauya Irinsa, ko A Sa Babba da Rile?

Mai babur yakan gano hon ɗinsa ya mutu ne a daidai lokacin da ya fi bukatarsa. Mota na matso ka gefen titi, ka danna, sai ka ji wani ɗan kuka kamar na ɗan tsakon da ruwa ya daka, ko ma ka ji tsit. Kana tsira, tunanin da ke fara zuwa maka shi ne a cire wannan a ɗaura ƙato. Ni ma na taɓa yin wannan gaggawar. Hon biyu na saya a jere kafin na gane cewa na farkon da na yar lafiyarsa lau, wuta ce kawai ba ta kai masa yadda ya kamata. Tun daga lokacin ba na yarda a yi maganar wane hon za a saya sai an fara sanin ko volt nawa ke isa bakinsa a lokacin da aka danna.

Hanyoyi uku ne a gaban wanda hon ɗinsa, ko odarsa kamar yadda wasu ke cewa, ya fara ba shi kunya. Ko ya gyara wanda ke kai, ko ya sayo irinsa ya maƙala a wayoyin asali, ko ya koma wa babba ya ja masa sabuwar waya daga batir ta cikin rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa maimakon yatsa. Kowace hanya akwai babur ɗin da ta dace da shi, akwai kuma wanda za ta jawo wa ɓarna.

Abin da ke cikin gwangwanin

Hon na lantarki ba wani abin mamaki ba ne. Akwai nannaɗaɗɗiyar waya da ke zama maganaɗisu idan wuta ta shige ta, akwai siririn faifan ƙarfe, sai wasu 'yan ƙarafa biyu da bakinsu ke haɗe. Ka danna, maganaɗisun ya fizgo faifan, fizgar ta raba bakin ƙarafan nan, wuta ta yanke, faifan ya koma mazauninsa, bakin ya sake haɗuwa. Haka zai yi ta yi sau 300 zuwa 500 a daƙiƙa guda, wannan karkarwar ce kunne ke ji a matsayin ƙara. Abu biyu ke fitowa daga nan. Na ɗaya, idan wutar ta yi rauni maganaɗisun ba zai iya fizgo faifan har ya raba bakin ba, sai ka ji "ƙas" sau ɗaya ko wani gurnani a shaƙe. Na biyu, hon abu ne da sai ya girgiza yake magana. Duk abin da ya danne shi, ko robar jikin babur ko wata waya da aka ɗaure a kansa, zai cinye masa murya.

Gwajin da ke raba gardama

Kafin ka kashe ko sisi, zare wayoyin hon ɗin, ka samo gutsuren waya biyu, ka jona shi kai tsaye da kawunan batir. Idan ya tsala ihu, to ka wanke shi daga zargi, laifin yana hanya: fiyus, madanni, ko wata mahaɗa da ta yi tsatsa. Idan a nan ma ya yi shiru ko ya yi gurnani, kuma ka tabbata batir ɗin na da rai, to ciwon a cikinsa yake.

Maganar batir ɗin nan kada ka ɗauke ta da wasa. Batir mai volt 12 idan ya cika ya huta yakan nuna wajen 12.6 a mita. Ya sauko 12.0, ya yi rauni ƙwarai. Inji na aiki kuma ka ɗan ba shi wuta, ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.5. Baburan da ake tayarwa da kik su suka fi ɓoye mataccen batir, don mai shi na iya yin watanni yana hawa bai sani ba. Alamar a bayyane take: hon na kuka ƙasa-ƙasa idan inji na silo, kana murɗa wuta sai ya wartsake. Mai irin wannan babur ko hon ɗin jirgin ƙasa ya ɗaura ba abin da zai canja, batir yake bukata.

Wani tarko kuma shi ne mitar kanta. Ka zare waya ka auna, ta nuna maka 12, ka ce ai wuta na zuwa. Mita kusan ba ta jan komai, don haka ko silin waya ɗaya ne ya rage bai tsinke ba za ta nuna maka cikakkiyar lamba. Awon gaskiya shi ne wayoyi na maƙale a jikin hon, wani ya danna maka, kai kuma ka ɗora mita a kan ƙafafun hon ɗin biyu. Idan batir na nuna 12.4 amma 9 ko 10 ke isowa, ka kama ɓarawon. Ragowar na ɓacewa a hanya, kuma lissafinta ba wuya. Mahaɗa mai tsatsa da turjiyarta ta kai rabin ohm za ta cinye volt 1 idan hon na jan amp 2. Hon mai jan amp 8 zai rasa volt 4 a wannan mahaɗar dai, mai jan amp 18 kuwa ba zai ma samu abin da zai motsa da shi ba. Shi ya sa mutum kan sa babban hon a tsohuwar waya ya ji ƙararsa ta gaza ta ƙaramin da ya cire, ya koma yana zagin mai kaya.

Akwai abu ɗaya da ya kamata ka sani game da babur ɗinka, domin shi zai fassara maka alamomin ciwo. Wasu baburan, fozitif na zaune a jikin hon da zarar an murɗa makulli, aikin madanni shi ne ya haɗa ɗaya wayar da jikin babur. Wasu kuma nagetif ne a haɗe kullum, madanni ke turo fozitif. Ganewa ba wahala: buɗe makulli, zare wayoyin biyu, auna kowacce da firam ba tare da ka danna ba. Ka ga 12 a ɗaya, naka irin na farko ne. Ba ka ga komai ba sai an danna, irin na biyu ne. A irin na farko, idan waya ta goge a wuyan babur ta taɓa ƙarfe, hon zai kama kuka shi kaɗai, sau da yawa sai ka karya kan babur zuwa gefe guda yake yi. A irin na biyu wannan gogewar fiyus take ƙonawa, kuma da yake hon kan yi tarayya a fiyus da sigina ko fitilar birki, sai ka ga sun mutu tare. Launin waya ma na taimakawa in ba a taɓa yi wa wayarin ɗin kwaskwarima ba. A yawancin baburan Honda wayar hon kore ce mai haske, kore mai duhu kuma nagetif. A Yamaha wayar hon ruwan hoda ce, mai ruwan ƙasa ke kawo wuta daga makulli, baƙa ce nagetif.

Hanya ta farko: gyara na kai

Wannan ita ce hanyar da aka fi rainawa, kuma ita ce ta fi yawan yin nasara. Ƙafafun hon na zaune a gaban babur, ruwa da ƙura na dukansu kullum, suna yin kore ko tsatsa. Samfefa, ɗan matse bakin mahaɗar da filaya don ta kama gam, sai ɗan giris a sama. Sau da yawa aikin ke nan. In bai yi ba, kwance gidan madannin da ke hannun hagu. A hankali, don akwai wani ɗan ƙaramin sifirin a ciki da in ya yi tsalle sai ka yi rarrafe kana nemansa. Za ka tarar bakin tagullar ya yi baƙi, ka goge shi har ya yi ƙyalli. A tsofaffin baburan da madanni ke samun nagetif ta jikin ƙarfen hannu, sabon fenti a hannun ko tsatsa a ƙarƙashin gidan madanni ya isa ya kashe hon. Nawa ciwon ke nan a wancan lokacin da na sayi hon biyu a banza: na sauya ƙarfen hannu da wani mai kaurin fenti, ban kankare wurin da madanni ke zama ba.

Idan kuwa hon ɗin kansa ne, juya bayansa. Akwai ɗan sukuru, wani lokaci da noti mai kulle shi, wanda ke saita yadda bakin ƙarafan ciki ke matse juna. Danna madanni, ka murɗa shi kwata-kwata, wato rubu'in zagaye a kowane karo, kana saurara. Akwai wani ɗan tsukin wuri da muryar za ta buɗe tangaran, da ka wuce shi ta sake shaƙewa. Kada ka yi ta juya shi zagaye uku huɗu, za ka ɓata inda ka faro. Hon ɗin da ya daɗe ba a taɓa shi ba kuma bakinsa kan manne, ƙwanƙwasa shi da ƙotar sukundireba ana danne da madanni yakan tashe shi.

Iyakar wannan hanyar ita ce ba za ta ba ka fiye da abin da kamfani ya ba ka ranar da babur ya fito ba. Kuma hon ɗin da ruwa ya kwana a cikinsa har faifan ya yi tsatsa, ko ka tashe shi yau, gobe zai koma. Wanda sai an ƙwanƙwasa yake magana ba abin dogaro ba ne a kan titi, ba za ka sauka ka ƙwanƙwasa shi a gaban tirela ba.

Hanya ta biyu: sabo irin na da

A nan ba dogon zance. Hon ɗin asali na yawancin ƙananan babura ɗan faifai ne mai jan amp 1.5 zuwa 3, wayoyinsa da madanninsa da fiyus ɗinsa duk an auna su ne daidai wannan nauyin. Ka sayo mai jan wuta kamarsa, minti goma ka gama, ba ka yanka waya ko ɗaya ba. Abin dubawa uku ne. Volt ya dace, don har yanzu akwai tsofaffin babura masu volt 6. Sannan ko na batir ne ko na wutar inji kai tsaye, domin wasu ƙananan baburan marasa batir hon ɗinsu daga kwayil yake sha, ana rubuta AC a jikinsa, kuma ba ya musanyuwa da mai DC. Na uku, lambar amp ko watt da ke jikin kwalin. In watt aka rubuta, raba shi da 12: watt 30 amp 2.5 ke nan, ya yi. Watt 60 ya haura abin da zan yarda in ɗora wa madanni.

Kada ka yar da ɗan siririn ƙarfen da hon ke rataye a kai. Ba ado ba ne, da gangan aka yi shi mai lanƙwasuwa don ya bar hon ya girgiza. Na sha ganin an ɗaure sabon hon kai tsaye a jikin firam da ƙaton noti, ana mamakin me ya sa muryarsa ta mutu.

Hanya ta uku: babba, da rile

Nan ne zancen ke da tsawo, don nan ake samun riba, nan kuma ake ƙona wayarin.

Wayar da kamfani ke ja wa hon siririya ce, galibi rabin milimita murabba'i ko kaɗan sama da haka, kuma tafiyarta doguwa: daga batir zuwa fiyus, zuwa makulli, ta haura hannu, ta ratsa madanni, ta sauko. Bakin madannin kansa bai kai ƙwayar gero biyu ba. Ka tura amp 8 ko 10 ta nan, duk dannawa sai ɗan tartsatsi ya tashi a bakin, yana cin tagullar sannu a hankali. Ba ranar farko zai nuna ba, shi ya sa masu cewa "ai ni na haɗa kai tsaye kuma yana yi" ba ƙarya suke ba, lokacinsu ne bai yi ba. Wata rana madanni zai yi zafi, robar ta narke, ko dai ya daina aiki ko ya manne hon ya ƙi yin shiru. Mafi muni shi ne wanda fiyus ɗinsa ya ƙone ya cire na amp 10 ya sa na 20, ko ya naɗa silin waya a gurbinsa. Fiyus waya yake karewa, in ka ƙara masa girma ba ka ƙara wa wayar kauri ba, to wayar ce ta zama fiyus, kuma a cikin damin wayoyi ƙarƙashin tankin mai take.

Rile makunni ne da wuta ke kunnawa maimakon yatsa. Madanninka zai tura masa 'yar wuta da ba ta kai rubu'in amp ba, shi kuma ya rufe wata babbar hanya da ta taso kai tsaye daga batir. Madanni ya huta, hon ya ƙoshi. Ƙafafunsa na da lambobi da aka daidaita tun daga tsarin Jamus mai suna DIN 72552, don haka kowane kamfani ya ƙera shi lambobin ɗaya ne. Lamba 30 ita ke karɓar wuta daga fozitif na batir ta cikin sabon fiyus. Lamba 87 ita ke kai wa hon. Lamba 85 da 86 su ne na 'yar wutar da ke kunna shi.

Daɗin abin shi ne, in tsohon hon ɗinka mai waya biyu ne, ba sai ka damu da ko fozitif madanninka ke yankewa ko nagetif ba. Zare wayoyin nan biyu daga tsohon hon, ɗaya a 85, ɗaya a 86, shi ke nan. Rile ya zauna a matsayin tsohon hon. In hon ɗin mai waya ɗaya ne wanda ke samun nagetif ta notinsa, sa wayar a 86, ka ja 85 zuwa firam. Sai dai ka duba zanen da ke jikin rilen: in akwai dayod a ciki, wato ɗan abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, dole fozitif ya shiga 86, nagetif 85, in ka juya su za ka ƙona dayod ɗin ko fiyus. Rile mai ƙafa biyar kuma yana da 87a a tsakiya, wadda ke da wuta a lokacin da ba a danna ba. Ka kuskura ka sa hon a nan, kana mayar da kan batir zai fasa ihu, sai ka danna madanni ne zai yi shiru. Rufe ta da tef ka bar ta.

Sabon fiyus ya zauna kusa da batir, kada ya wuce taki ɗaya na hannu, domin duk tsawon wayar da ke tsakanin batir da fiyus ba ta da mai kare ta. Ga hon biyu masu jan amp 8 zuwa 10 a haɗe, waya mai kaurin milimita murabba'i 1.5 da fiyus na amp 15, wato shuɗin nan, sun wadatar. Ga hon mai iska da ke aiki da kwamfuresa, waya 2.5 da fiyus na 20 ko 25 bisa abin da kamfaninsa ya rubuta. Nagetif ɗin hon ma ya samu waya mai kauri ɗaya da ta fozitif. Mutane kan ja ƙatuwar waya zuwa hon sannan su dawo da siririya, alhali wutar da ta shiga ita ce za ta fita. Ni na fi son in mayar da ita har kan batir. In a firam za ka ɗaure, kankare fenti har ƙarfe ya fito, kuma kada ka ɗaure a ɓangaren da ke juyawa da kan babur, don wutar za ta bi ta cikin boris na wuya ne. Kafin ka fara komai cire nagetif na batir, shi ne kuma na ƙarshen mayarwa. Rilen ka rataye shi ƙafafu na kallon ƙasa, a inda ruwan taya ba ya watsowa.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: rile na amfanar ko ɗan hon ɗin asali. In awonka ya nuna volt 10 ke isa, ka sa rile ya koma samun 12 da ɗoriya, za ka rantse sabon hon aka sa. Aibinsa shi ne ya ƙaro mahaɗai shida ko bakwai da kowacce ke iya yin tsatsa, kuma aikin da aka yi da murɗa waya da hannu a naɗe da tef ba ya shekara. A matse kawunan da abin matsewa ko a yi musu dalma. In hon mai rile ya mutu, kunne ne mitarka ta farko: ka danna ka ji "ƙas" daga rile, to ɓangaren madanni lafiya, nemi ciwon a sabon fiyus, ƙafa 30, 87 ko nagetif. Ba ka ji komai ba, koma kan tsofaffin wayoyi.

Manyan baburan zamani da kwamfuta ke raba musu wuta, irin waɗanda BMW ta fara fitarwa da tsarin CAN bus tun R1200GS na 2004, ba su ma barin ka yi gangancin. Da sun ji an ja wuta fiye da ƙima sai su yanke layin. A kansu rile ko na'urar da aka yi musamman don haka ba zaɓi ba ne, dole ne.

To wane babban?

Iri uku ne a kasuwa. Akwai manyan faifai, akwai masu siffar katantanwa, akwai masu iska da kwamfuresa.

Babban faifai muryarsa kaifi gare ta, tana tafiya gaba kamar mashi, tana ratsa gilashin motar da ke rufe. Ba daɗin ji, kuma ba don daɗi aka yi shi ba. Ya fi sauran jure ruwa da ƙura domin ba shi da rami da abu zai taru a ciki, kuma yana amsawa nan take, ko ɗan taɓi ka yi zai ce "fit". Ga babur ɗin da ba shi da rufin gaba, hon na waje yana shan duk abin da taya ta watso, wannan nake zaɓa.

Katantanwa ita ce muryar mota. Ana sayar da su biyu-biyu, ɗaya mai kauri wajen girgiza 400 a daƙiƙa, ɗaya siririya wajen 500, haɗuwarsu ke ba da wannan cikakken amo. Fa'idarta ba ƙarfi kaɗai ba ce. Direban da ya ji ta yakan ɗauka mota ce a gefensa, ya gyara kafin ya waiga, abin da ba ya yi wa kukan ɗan babur. Matsalarta biyu: wuri da ruwa. Guda biyun na da girma, sai ka tabbata ba sa taɓa madigadi idan shokazoba ta nutse, ba sa tare kan babur in an karya shi har ƙarshe, ba sa kuma jingina da salansa don jikinsu roba ne. Bakinta kuma dole ya kalli ƙasa. Ka kafa ta tana kallon gaba, ruwan sama ɗaya ko wanki ɗaya ya cika ramin, sai ka ji tana kurkure kamar mai wanke maƙogwaro. Wanda ba shi da wurin biyu ya sa ɗaya, bai yi asara mai yawa ba: hon biyu masu ƙarfi ɗaya desibel 3 kawai, a ma'aunin ƙara, suke ɗarawa a kan guda, alhali sai an ƙara wajen 10 kunne ke jin ƙara ta ninka.

Mai kwamfuresa, irin su Stebel Nautilus, shi ne sarkin ƙara, ba musu. Amma yana jan wajen amp 18, yana da nauyi, yana son a kafa shi a tsaye, kuma shi kam ba a juya masa waya, in ka juya injinsa baya zai yi ba iskar da za ta fito. Yana ɗan jinkiri kafin iska ta taru, ƙiftawar ido ce amma ana jin ta, kuma ɗan taɓin gaisuwa ko na "ga ni nan" ba ya yiwuwa da shi, ko shiru ko tsawa. Mai tafiya a ƙasa da ka tsorata da shi na iya yin tsalle ya faɗo gabanka maimakon ya kauce. Ƙura kuma abokiyar gabarsa ce tunda iskar waje yake zuƙa. Game da batir, ba wai yana shanye shi ba ne kamar yadda ake faɗa: amp 18 na daƙiƙa biyu kashi ɗaya cikin ɗari ne na amp-awa guda, batir mai amp-awa 5 ba zai ji a jikinsa ba in lafiyayye ne. Damuwar ita ce ƙaramin batir da ya tsufa ba ya iya ba da wannan wutar a tashi ɗaya, sai volt ya faɗi, fitila ta dushe, hon ya yi tari. Wasu kan bar ƙaramin hon a madannin asali su ba mai iskan nasa madanni daban. A takarda dabara ce, amma a lokacin firgici babban yatsa inda ya saba yake zuwa.

Kada lambar desibel da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Ƙara na raguwa da desibel 6 duk lokacin da nisa ya ninka a fili, don haka wanda ya auna a dab da bakin hon zai rubuta lambar da ta fi ta wanda ya auna daga mita 2 nesa ba kusa ba, ko da hon ɗinsu ɗaya ne. Lamba ba tare da nisan awo ba ba ta gaya maka komai. Ƙa'ida ta 28 ta hukumar tattalin arzikin Turai ta Majalisar Ɗinkin Duniya daga mita 2 take auna hon, kuma wanda ya cika ta yakan ɗauki tambarin E a cikin da'ira. Ƙasashe da dama kuma sun hana hon mai waƙa ko mai kama da jiniya a abin hawan da ba na hukuma ba, sai ka duba dokar inda kake.

In babur ɗinka ƙarami ne, 100 zuwa 150, kuma cikin gari kake yawo kana danna hon sau ɗari a wuni, gyara wayoyi, tabbatar da batir, in hon ya mutu sa irinsa, in kana son ƙari sa masa rile. In kana hawa manyan hanyoyi tare da manyan motoci kuma cajinka na kai 13.5 zuwa sama, katantanwa biyu ko manyan faifai biyu da rile su ne suka fi biyan wahalarsu, faifai in hon zai zauna a fili, katantanwa in akwai inda za ta fake. Mai kwamfuresa na bar wa babban babur mai babban batir da wurin ɓoye shi. Babur marar batir kuwa ba ya cikin wannan lissafin gaba ɗaya, AC ɗinsa zai nema.

Bayan ka gama haɗawa, kafin ka mayar da tanki da murafu, tayar da inji, kunna fitilar gaba, taka birki, ka danna hon kana karya kan babur dama da hagu har ƙarshe. In muryar ta canja a wani gefe, akwai wayar da ke jan kanta a wuya, sassauta mata. Sannan ka riƙe madanni daƙiƙa uku, ka saki, ka bi sabuwar wayar da yatsa tun daga batir har hon. Duk mahaɗar da ka ji ta yi ɗumi, sake matse ta.